Wata shida ina neman doguwar sandar fatsa

Wata ranar Asabar ce a cikin watan Fabrairu, lokacin da rafukan da ke zuba cikin kogin Vina suka janye, ruwan ya kwanta garau har kana iya ƙirga tsakuwar ƙasa. Na bar Ngaundere bayan asuba a kan babur, na isa wani gurbi da na daɗe da sani, na tarar da karfasa sun fi goma suna shawagi ƙarƙashin wata bishiya da ta sunkuyo kan ruwa. Sandar da ke hannuna guntuwa ce, mita ɗaya da rabi, ga ta da tauri kamar ƙotar fartanya. Kafin koto ya isa wurinsu sai na matsa har gaɓa, ina matsawa kuwa inuwata ta faɗa kan ruwa, kafin ƙiftawar ido duk sun ɓace. Bahaushe bai yi ƙarya ba da ya ce kifi na ganinka mai jar koma.

Na koma gefe na jira kusan rabin awa. Da suka dawo, ɗaya babba ya ɗauki tanar, na ja, ya fizga sau ɗaya, zaren ya tsinke daidai wurin ƙulli. Wani dattijo masunci da ke gyaran mali a can gefe ya kalle ni ya yi dariya, ya ce: “Malam, ai ba zaren ba ne ya ci amanarka, sandar ce. Ba ta san rusunawa ba.”

Wannan magana ta Baba ita ta jefa ni cikin neman da ya ci mini wata shida da wani yanki na albashi. Abin da nake nema bai taka kara ya karya ba: sanda mai tsawon mita biyu da ’yan kai zuwa biyu da rabi, wadda aka yi da zaren gilas, abin da ’yan kasuwa ke kira faibagilas, mai laushi, mai zobba da mazaunin abin naɗe zare, wato muline, wadda za ta iya da siririn zare a ƙaramin rafi. Ashe irin wannan sanda ta yi wuya, ba a nan Kamaru kaɗai ba, har a ƙasashen da aka ƙirƙiro ta.

Me ya sa sai doguwa, me ya sa sai mai laushi?

A ruwan rani mai haske, kifi yana ganin zare mai kauri. Shi ya sa masu fatsa a rafi ke amfani da zaren nailan da kaurinsa bai wuce milimita 0.16 zuwa 0.20 ba, wanda ke tsinkewa a nauyin da bai fi kilo biyu zuwa uku ba, wani ma bai kai haka ba. Ƙulli kuma yana ƙara rage masa ƙarfi. To karfasar da ba ta kai rabin kilo ba, in ta fizga da ƙarfi lokaci guda, za ta iya tsinka shi, sai fa in akwai abin da zai shanye fizgar. Wannan shi ne aikin sanda. Idan tana lanƙwasa tun daga tsini har tsakiya, fizgar na bazuwa a jikinta kafin ta isa ƙulli, kamar yadda sifirin ɗin babur ke shanye rami. Idan kuwa mai tauri ce, duk fizgar a kan zaren take sauka.

Tsawo kuma yana da amfani uku. Na farko, kana tsaye nesa da gaɓa, kifi bai gan ka ba, amma kotonka ya isa. Na biyu, kana iya ɗaga zare sama da gudun ruwa, ta yadda igiyar ruwa ba za ta ja shi ba, tana ko gara ta tafi a hankali kamar ruwa ne ya kawo ta da kansa. Kifi ba wawa ba ne, abincin da ke gudu fiye da ruwan da yake ciki ba ya ɗaukarsa. Na uku, kuma shi ya fi damuna a matsayina na malamin makaranta: ba sai ka shiga ruwa ba.

Duk wanda ya koyar a firamare a wannan yanki namu ya san tsargiya. Yaro ya zo yana fitsarin jini, yana jin kunyar faɗa, yana gyangyaɗi a aji. Ƙwayar cutar tana fitowa ne daga wasu ƙananan dodon-koɗi da ke zama a ruwa mai kwanciya, ta huda fatar mutum ta shiga, ko da babu rauni a jikinsa. Gurbin rani da ruwa ya tsaya a ciki shi ne gidansu. Ana raba maganin praziquantel a makarantu, amma yaron da ya sha yau ya koma cikin ruwa jibi zai sake ɗauka. Ɗalibaina da yawa suna zuwa su ranar Asabar da Lahadi, kuma da guntuwar sanda dole su tsunduma har gwiwa. Hana su zuwa rafi ba zai yiwu ba, na gwada. Amma sanya su tsaya a kan tudu, wannan mai yiwuwa ne in kayan aikin ya kai.

Inda sandar gilas ta samo asali

Kafin Yaƙin Duniya na Biyu, sandunan fatsa masu kyau a Amurka da Ingila da gora ake yin su, wata gora ta musamman da ake kawowa daga kudancin ƙasar Sin, a tsaga ta gida-gida, a fere, a haɗa da gam. Aikin hannu ne mai tsada. A shekarar 1944 wani masanin kimiyyar haɗa sinadarai mai suna Dakta Arthur Howald ya je kamun kifi a arewacin jihar Mishigan, tsinin sandarsa ya karye. Da yake aikinsa ya shafi roba da gilas, sai ya gwada maye gurbin tsinin da zaren gilas da aka jiƙa da ƙaro na roba. Daga wannan gwaji kamfanin Shakespeare ya fitar da sandar da ya kira Wonderod a 1947. Da Amurka ta yanke ciniki da Sin a 1950, gorar ta daina zuwa, sai gilas ya mamaye kasuwa.

A daidai wannan zamani wasu abubuwa biyu suka haɗu da shi. A garin Cluses na ƙasar Faransa aka fara ƙera muline mai suna Mitchell 300, wanda ya sa jefa ƙaramin koto nesa ya zama abin da kowa zai iya koya a yini guda. Sannan zaren nailan, wanda kamfanin DuPont ya ƙirƙiro a shekarun 1930, ya samu inganci da laushi zuwa ƙarshen shekarun 1950. Sandar gilas, muline, siririn nailan: waɗannan uku su suka haifar da irin fatsar da nake magana a kai. Turawa sun yi ta ne domin kifin ruwan sanyi da Faransawa ke kira truite, wanda ke zama a rafukan duwatsu masu haske. Ba mu da shi a nan, amma halinsa na tsoro da kaifin ido bai bambanta da na karfasa da kawarar rani ba.

Sai a 1973 kamfanin Fenwick ya fito da sandar da aka yi da zaren kabon. Nan labari ya canja. Taurin zaren kabon ya ninka na gilas kusan sau uku, kuma ya fi shi rashin nauyi. Ma’ana, da kabon za ka iya yin doguwar sanda siririya da ba ta gajiyar da hannu. Gilas kuwa, da zarar ya wuce mita biyu sai nauyi ya taru a gaba, tsinin ya riƙa rawa bayan an yi jifa. Kamfanoni suka ga babu riba a doguwar sandar gilas, suka mayar da yawancin dogayen kabon, suka bar gilas a gajeru masu araha, na yara da ’yan koyo, da kuma manya masu kauri na teku. Ko Ugly Stik, wadda Shakespeare ya fitar a 1976 kuma ta yi suna wajen ƙin karyewa, haɗin gambiza ce ta kabon da gilas.

To in haka ne, me zai hana in sayi kabon in huta? Dalili biyu. Kabon yana da tauri amma ba ya jure duka. Ya bugu da dutse ko ƙarfen babur, ya yi ɗan tsagin da ido ba ya gani, ranar da kifi ya ja sai ya ɓalle kamar karan dawa. Gilas kuwa ka ɗaure shi a bayan babur, ka bi hanyar burji da shi, yaro ya taka shi, yana nan. Na biyu, kabon yana ɗaukar wutar lantarki. Doguwar sandar kabon a hannun yaro kusa da wayar wuta hatsari ce babba. Amma kada wani ya ɗauka gilas kariya ce daga tsawa: hadari ya taso, kowace iri ce a hannunka, kwantar da ita ka bar bakin ruwa.

Abin da na tarar a kasuwa

Na fara da kasuwannin garinmu. Abin da ke akwai kashi uku ne. Akwai gajeru, mita ɗaya da rabi zuwa 1.80, da ake sayarwa haɗe da muline a cikin leda. Yawancinsu gilas ne curarre, babu rami a ciki, shi ya sa suke da nauyi kuma ba sa lanƙwasa sai a can tsini. Akwai dogaye masu kaurin rake, mita uku da rabi zuwa huɗu, an rubuta 100-200 g a jikinsu. Waɗannan na bakin teku ne, na jefa dalma mai nauyi a Kribi ko Limbe, ba su da aiki a rafin da za ka iya tsallakewa da taku biyar. Sai kuma masu shigewa cikin juna kamar eriyar rediyo, mita uku zuwa biyar, ba zobba, ba mazaunin muline, a tsini ake ɗaura musu zare.

Wani mai shago ya ɗauko mini ta teku ya ce: “Malam, wannan ko giwan ruwa ta kama ba za ta karye ba.” Na ce masa: “Alhaji, ni ba giwan ruwa nake nema ba, karfasa ce mai faɗin tafin hannu.” Ya dube ni kamar wanda ya zo sayen tirela don ɗaukar buhu ɗaya, amma a juye.

Na aika wa wani ɗan’uwa da ke Duwala, ya zaga shagunan kayan su, ya turo mini hotuna ta WhatsApp. Kusan duka na teku ne da na bakin kogin Wuri. Daga nan na yi kuskuren da nake so mai karatu ya guje wa: na yi oda ta intanet bisa hoto kawai. An rubuta mita 2.40, an rubuta gilas. Na jira sati bakwai, na biya kuɗin dako da ya kusa kai kuɗin kayan. Da ta iso, tsawon daidai ne, amma a gindinta an buga 20-60 g. Sanda ce ta jefa manyan koto, taurinta ya fi na wadda nake da ita. Laifina ne, lambar tana nan cikin bayanin, ban san ma’anarta ba. Araha ba ta ado, jahilci kuma ya fi ta tsada.

Karatun rubutun jikin sanda

Kowace sandar kamfani tana da rubutu kusa da mariƙi, kuma shi ne gaskiyarta, ba bakin mai sayarwa ba. Akwai tsawo, a mita ko a ƙafa. Ƙafa ɗaya santimita 30 ce da ɗan ɗori, saboda haka ƙafa 7 mita 2.13 ke nan, ƙafa 8 kuma mita 2.44. Akwai nauyin koton da aka yi ta dominsa. Na ƙaramin rafi ka nemi wadda aka rubuta 1-7 g ko 2-10 g. A kayan Amurka za ka ga 1/16 zuwa 1/4 oz, wato kusan giram 2 zuwa 7. Akwai kuma ƙarfin zare: 2-6 lb na nufin daga ƙasa da kilo ɗaya zuwa kusan kilo 2.7. Haruffan UL ko L na nuna mai laushi ce. In ka ga M ko H, ba taka ba ce.

In babu rubutu, ga gwajin da nake yi. Zura zare cikin zobba, ka ɗaura ƙaramar gorar ruwa da aka cika rabi, kusan giram 250, ka ɗaga a hankali. Sandar da ta dace za ta rusuna har kusan tsakiyarta, lanƙwasar ta tafi sumul babu wurin da ta yi gwiwa. Wadda tsininta kawai ya motsa, ajiye ta. Sannan ka girgiza ta sau ɗaya ka tsaya: in ta daɗe tana rawa, gabanta ya yi nauyi, za ta gajiyar da kai kuma jifanka ba zai tafi saiti ba.

Yadda wasu suka warware matsalar

Da na shiga bincike na gane ba ni kaɗai ke wannan nema ba. A Amurka, masu son doguwar sandar gilas kan sayi tsurar sandar da aka yi don fatsar ƙuda, wato irin wadda ake jefa ƙugiya mai gashin tsuntsu da ita, mai ƙafa bakwai da rabi ko takwas, su ɗaura mata zobban muline da kansu. A jihar Mishigan ma an san wasu dogayen sanduna masu laushin gaske, har ana kamanta su da taliya, da ake kama manyan kifaye da su a kan siririn zare. A duwatsun Pirene na Faransa akwai tsohuwar hanyar da suke kira toc, inda ake bin rafi da sanda mai mita uku da rabi zuwa huɗu ana sakin tana ta bi ruwa. Mutanen Japan kuma suna da tenkara, doguwar sanda ba muline sam. Duk dabara ɗaya ce da ta kakanninmu masu gora da gwangwala: tsaya nesa, bar sanda ta yi aiki.

Wannan ya sa na koma kan waɗancan masu kama da eriya da na raina da farko. Yawancinsu daga Sin suke zuwa, inda birnin Weihai ya shahara da ƙera sandunan fatsa, kuma masu arahar cikinsu gilas ne mai rami a ciki, daidai abin da nake nema. Na sayi ɗaya mai mita 3.60, gaɓa takwas. Na kwance murfin gindi na zare gaɓa biyu na ƙasa masu kauri da nauyi. Na yanke kusan santimita goma daga tsini, inda ya yi siriri da yawa, na saka zoben kai da gam ɗin Araldite. Sauran zobban na ciro su daga wata karyayyar sanda da wani bakanike ya ba ni, na ɗaura ɗaya a bakin kowace gaɓa da zaren ɗinki mai ƙarfi, na shafe da gam. Manyan zobba a ƙasa, ƙanana a sama, duka a layi ɗaya. Muline kuma na ɗaure shi da robar tiyub ɗin keke, tazarar kamu ɗaya da rabi daga gindi, na bi da salatif ɗin masu gyaran wuta. Da na auna, ta kusa mita biyu da rabi.

Ba zan ce ta kai ta kamfani ba. Zobba shida ne, alhali sanda mai wannan tsawo ta fi son takwas, saboda haka zaren kan taɓa jikinta in ta lanƙwasa sosai. Ba ta shigewa duka kamar da, zobban na tokarewa. A wurin da bishiyoyi suka rufe rafi kuwa tsawon kan zama wahala, sai ka koyi jifa ta ƙasa kamar mai wurga faifai. Yashi kuma abokin gabar gaɓoɓin ne, dole a goge su bayan kowace fita. Amma kuɗin da na kashe a kanta bai kai rubu’in na waccan da na yi oda ba.

Abu ɗaya da za a kiyaye: muline yana da birki, wani maɓalli a gabansa da ake murzawa. Kada a ɗaure shi tamau. A sassauta shi yadda in ka ja zaren da hannu zai fito da ɗan ƙoƙari. Sanda mai laushi da birki mai sassauci su ne ke ba siririn zare tsawon rai.

Komawa gurbi

A watan Nuwamba, bayan ruwa ya ɗauke kuma rafi ya fara washewa, na koma wurin nan tare da ɗalibaina biyu ’yan aji shida, da izinin iyayensu. Gurbin da ke ƙasa da namu babu komai a cikinsa, an ce wasu sun zuba maganin ƙwari tun bara, manya da ƙananan kifi duk suka taso. Doka ta hana wannan, amma ana yi, kamar yadda ake jan gidan sauro a maimakon koma. Namu gurbin Allah ya tsare shi.

Na tsayar da yaran taku uku daga gaɓa, a bayan wata ciyawa. Babban ya jefa tana da ’yar dalma guda, ya ɗaga sanda yadda na nuna masa. Ba a yi minti biyar ba tsinin ya sunkuya. Ya so ya fizga, na ce: “Kar ka ja, riƙe kawai, bar ta ta gaji.” Sandar ta lanƙwashe kamar baka, muline ya yi ’yar ƙara, kifin ya yi gabas ya yi yamma, zaren bai tsinke ba. Kafin azahar mun kama bakwai, muka mayar da uku da ba su kai faɗin yatsu huɗu ba. Wandunan yaran a bushe muka koma gida.

Baba mai mali yana nan inda na bar shi. Ya karɓi sandar ya jujjuya, ya lanƙwasa ta da hannu, ya duba ɗaurin robar. Ya ce: “To Malam, yanzu ka yi gora ta Bature. Amma da ka tambaye ni tun farko, akwai gora a bayan gidana.” Na ce: “Baba, ai gorar ba ta shiga jakar makaranta.”

Yanzu yara huɗu sun kawo nasu sandunan eriya, muna ɗaura zobba ranar Laraba da yamma, da yake ba a komawa aji. Zobban ne suka yi mana ƙaranci. Duk wanda ke da karyayyar sandar fatsa a jingine a bayan ɗaki, don Allah kada ya jefar, ya ba malamin makarantar unguwarsu ko wani yaro mai zuwa rafi.